Lamba Biyu da Kafinta Ya Rage

Duk layin Kafinta ake ce masa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shagonsa na jikin gidan da suke zaune, ƙofa ɗaya ta raba su, shi ya sa garin katako ba ya ƙarewa a tsakar ɗakinsu kome yawan shara. Dogo ne mai ɗan rankwafawa, da fensir a bayan kunne ko da wanka zai shiga. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya shiga sana'ar a hannun wani kawunsa mai saurin hannu, ya fito da tabo uku a yatsu da tsantseni a awo. Teburin da ya yi ba ya rawa, ƙofar da ya sa ba ta kuka. Abin da kawai ake kuka da shi a kansa shi ne jinkiri.

Bai yi aure da wuri ba, kuma da ya yi sai da suka shekara takwas babu haihuwa. Matarsa tana aikin shara da goge-goge a wani babban ofis, tana fita da sassafe, ba ta dawowa sai yamma. Sun riga sun daina zancen haihuwa a tsakaninsu lokacin da yarinyar ta zo. Ta fara magana kafin ta fara tafiya, kuma duk abin da ta ji sai ta maimaita, har da tarin ubanta. Tana shekara uku, in mai kawo aiki ya leƙo shago, kafin Kafinta ya buɗe baki sai ta ce, "Dawo jibi, fenti bai bushe ba," ko da kuwa ba a taɓa katakon ba tukuna. Daga nan aka laƙaba mata Aku, sunan ya bi ta har makaranta.

Tana shekara shida ta fara shan ruwa kamar an ɗora mata aiki. Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, tana ci amma tana ramewa. Uwar ce ta fara lura da tururuwa na taruwa a inda yarinyar ta yi fitsari. A asibiti likita ya ce ciwon suga ne, irin na yara, wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Ya ce babu ƙwayar da za ta maye gurbinsa, allura ce kullum, har iya rayuwa. Kafinta ya tambaya ko akwai abin da suka ba ta da ya jawo haka, likita ya ce babu.

Wata nas ce ta zaunar da su ta koya musu kome, gajeruwa mai kaushin murya da tabarau rataye da igiya a wuya. Kowa Sista yake ce mata. Ta nuna musu biron allura, yadda ake murɗa gindinsa a tsayar da shi a kan lambar da likita ya rubuta, da na'urar da ake ɗiga mata jini daga yatsa, da littafin da za su riƙa rubuta abin da na'urar ta nuna. Ta ce ramuka biyu ne a gaban yarinyar. In suga ya zauna a sama, a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyi, shekara da shekaru, ba tare da an ji motsinsa ba. In kuma ya faɗi ƙasa, cikin mintoci yake kayar da yaro. Ta lissafa musu alamomin faɗuwar: gumi mai sanyi, rawar hannu, yunwa ta farat ɗaya, kuka ko fushi ba dalili, ko yaro ya yi shiru ya zuba ido wuri ɗaya. In na'ura ta nuna ƙasa da saba'in, a kaɗa suga ƙaramin cokali uku a ruwa a ba ta, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a jira minti goma sha biyar a sake gwadawa. In bai hau ba a ƙara, in ya hau a bi da burodi ko madara don kada ya sake zamewa. Sannan ta cire tabaraun ta dube su.

"In ta suma, ko tana fizge-fizge, kada wanda ya zuba mata kome a baki. Ku kwantar da ita a gefe ɗaya, ku kawo ta nan. Kun ji ni ko, Baba?"

Ya ce ya ji. Ta kuma ambaci wata allurar gaggawa da ake yi wa wanda ya suma, amma duk kantin maganin da ya zagaya daga baya sai a ce ta ƙare, ko a ce ba su taɓa kawo ta ba.

Tun da uwar ba ta gida da rana, kuma tana tsoron tsinin allura, aikin ya faɗo kan Kafinta. Ya riƙe shi kamar yadda yake riƙe awo. Ya ƙera ɗan akwati mai gida-gida, nan na biro, nan na na'ura, nan na auduga. Ya sa gwangwanin suga a shago, ɗaya a ɗaki, ɗaya a jakar makaranta, ya je da kansa ya yi wa malamar ajinsu bayani har sai da ta gaji da shi. Shekarar farko ta wuce lafiya. Sau da yawa sugan ya sauka, Aku ta zo tana cewa cikinta na rawa, ya kaɗa mata ruwan suga, su zauna a kan benci suna kallon agogon bango har ta dawo da surutunta. Sista har misali take bayarwa da shi ga sauran iyaye.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da tsakar rana. Ya yi wa Aku allura, ya zuba mata shinkafa, sai ga wani mai aiki ya zo karɓar kabad yana ta faɗa a ƙofar shago. Kafinta ya ce mata ta cinye, ya fita. Ta yi cokali biyu, ta ji ƙawayenta na tsallen igiya a waje, ta tura farantin ƙarƙashin gado ta bi su. Bayan kamar awa ɗaya ta shigo shago ta tsaya a bayansa ba ta ce kome ba. Yana tsakiyar yanka, zarto a hannu, ransa kuma bai gama hucewa ba. Ya ɗauka faɗa suka yi da yara. Ba tare da ya waiga sosai ba ya ce ta matsa daga nan kada katako ya faɗo mata.

Ta matsa. Da ya gama yankan ya ji wani sauti a bayan tarin katakai, kamar ana buga dunduniya a ƙasa. Ya same ta kwance cikin garin katako, idanu sun juye, haƙora sun datse, rigarta sharkaf da gumi, jikinta na fizga. Duk abin da Sista ta faɗa ya fita daga kansa in ban da kalma ɗaya, suga. Ya kaɗa shi a kofi da yatsa, ya ɗaga kanta, ya buɗe bakin da ƙarfi ya ɗura. Ruwan ya bi ta hanyar iska. Ta shaƙe, leɓɓanta suka canza launi. Wata maƙwabciyarsu mai ɗinki ce ta ji ihunsa ta shigo, ta fizge kofin, ta juya yarinyar a gefe, ta tare musu mota.

A asibiti suna sa mata ruwan suga ta jijiya, ba a yi minti biyar ba ta buɗe ido ta tambayi inda igiyarta take. Amma ruwan da ya ɗura mata ya sauka a huhu, ya zama zazzaɓi da tari, sai da ta kwana tara a gado da robar iska a hanci. Babu wanda ya zage shi. Matarsa ta ce ƙaddara ce. Sista ta ce kusan duk yaron da ke allura sai ya gamu da irin wannan ko da sau ɗaya, darasin shi ne a tsaya a ga yaro ya ci bayan allura, a gwada kafin wasa, a ba shi ɗan abin taɓawa in zai yi guje-guje. Kafinta ya gyaɗa kai. Abin da yake gani kawai shi ne dunduniyar nan tana dukan ƙasa, da hannunsa da ya yi allurar, da hannunsa da ya ɗura ruwan.

Washegarin da aka sallame su, ya ɗauki biron zai murɗa zuwa takwas kamar yadda aka rubuta. Ya kai shida, yatsunsa suka tsaya. Ya ce wa kansa na yau kawai, tun da ba ta gama warwarewa ba. Ranar ba ta yi gumi ba, ba ta yi shiru ba, shi kuma ya yi aikinsa ba tare da ya ajiye zarto kowane minti ya leƙa ta ba. Washegari ma ya tsaya a shida.

Haka aka shiga. Na'ura ta fara nuna ɗari biyu da hamsin, ɗari uku, shi kuma ya rubuta ɗari da arba'in a littafi da kyakkyawan rubutunsa. In za ta tafi makaranta sai ya ƙara mata yankan burodi, in ta yi hamma sau biyu sai ya kaɗa mata suga ba tare da ya gwada ba. Matarsa in ta dawo da yamma takan tambaya nawa ya yi mata, ya ce takwas. Mutumin da bai taɓa sayar da kujera mai gajeriyar ƙafa ba ya koyi yin ƙarya ba tare da ya ƙifta ido ba.

Sai dai akwai wani gwajin jini da ake yi duk wata uku, wanda ke nuna yadda sugan ya zauna a tsawon lokacin, shi kuma ba ya duba littafi. Sakamakon ya fito da muni. Likita ya duba littafin, ya duba takardar, ya rasa gane kansu. Aka zargi zafi, wai ko ya lalata insulin ɗin, Kafinta ya sayo ƙaramin firji. Aka zargi Aku da sayen alawa a hanyar makaranta, ta yi kuka ta rantse, uwar ta mare ta, shi yana tsaye. Daga ƙarshe likita ya ƙara allurar zuwa goma. Kafinta ya koma gida ya ci gaba da yin shida.

Sista ce kawai ta hango wani abu. Wata rana ta tura Aku awon nauyi, ta rufe ƙofa, ta ce masa ta ga iyaye da yawa da tsoron faɗuwar suga ya kama, kuma ba abin kunya ba ne. Ta ce in tsoro yake ji ya faɗa, a zauna da likita a gyara lambar a fili, a ƙara yawan gwaji, a bi abin a hankali. Saura kaɗan ya faɗa mata. Amma ya san in ya faɗa za a karɓe biron a ba wani, wanin kuma zai yi goma cif, sannan ya tafi ofis ko kasuwa ya bar yarinyar. Ya ce mata shi duk abin da aka rubuta shi yake yi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe ƙofar. Ba a yi shekara ba aka canza mata wurin aiki, waɗanda suka zo bayanta kuma layin marasa lafiya bai bar su sun yi dogon kallo ba.

Aku ta tashi ƙarama a cikin sa'o'inta, kullum da gorar ruwa, kullum da gajiya, ƙurji in ya fito mata sai ya yi wata bai warke ba. Sau biyu sugan ya hau har ya kai ta gadon asibiti tana amai. Kowane karo Kafinta yakan yi wa kansa alkawari a bakin gadon, ya dawo gida ya yi cikakkiyar allura kwana uku ko huɗu. Sai ranar da ta shigo ta ce cikinta na rawa, ya ga gumi a goshinta, ya kaɗa mata suga. Ta sha, ta warware cikin minti goma sha biyar kamar yadda aka ce, abin bai zama kome ba. Shi kuwa washegari ya koma inda ya fito.

Tana shekara goma sha uku ta karɓi biron da kanta. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, ya kuma daina tambaya. Bakinta bai mutu ba duk da haka. Ta gama sakandare, ta samu aiki a wani kantin sayar da littattafai da kayan rubutu, inda mai kantin ke cewa tana iya sayar wa mutum ƙamus alhali biro ya shigo nema.

Tana shekara ashirin ta fara ganin baƙaƙen zare na yawo a idonta na dama. Wata safiya ta tashi ta ce kamar an watsa mata jan tawada. Likitan ido ya ce jijiyoyin bayan idon ne suka fashe, kuma na hagun ma ya kama hanya. Aka ƙona jijiyoyin da haske, aka yi tiyata sau biyu. Na daman ya tafi gaba ɗaya, na hagun ya rage mata bambancin haske da duhu.

Mako biyu bayan tiyata ta biyu, da la'asar, suna zaune su uku a ɗaki, uwar na tsefe mata kai, Kafinta ya shigo daga shago ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa ya faɗi kome. Ya faɗi shidan, ya faɗi littafin, ya faɗi ranar da aka mare ta a kan alawar da ba ta saya ba. Matar ta ajiye matajin.

"Shekara shida ina tambayarka, Kafinta. Kullum ka ce mini abin da likita ya rubuta ka yi."

Aku ce ta juyo da fuskarta wajen da muryarsa ta fito.

"Baba, ai na sani. Biron yana ƙara in ana murɗa shi, ƙas, ƙas. Tun ina ƙarama nake ƙirgawa. Da na karɓa ma haka na ci gaba da yi."

Ya tambaye ta don me.

"Na ga fuskarka duk ranar da na ce cikina na rawa. Na ɗauka abin da ke tsorata ka haka, ni ma ya kamata in guje shi."

Ba ta faɗa da zafi ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Uwar ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke kwanukan da an riga an wanke. Ba ta bar gidan ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Tana dafa masa abinci, tana gaishe shi da safe, amma tun daga ranar ba ta ƙara tambayarsa wani abu da take bukatar gaskiyarsa ba. Da ya je ya faɗa wa likita, likitan ya ce ba za a iya ɗora kome a kan abu ɗaya ba, akwai waɗanda suke bin ƙa'ida ciwon ya taɓa su duk da haka. Kafinta ya yi godiya ya fito. Ya san muryar da ake yi wa mai aiki in kayansa sun lalace ba gyara.

Bayan shekara uku ƙafafunta suka kumbura, ƙoda ta gaza. Yanzu sau uku a mako yake kai ta wankin ƙoda, ya rufe shago, ya zauna a kan bencin ƙarfe na awa huɗu. Masu kawo aiki sun ragu, don babu mai son jiran gado wata uku. Kuma tun da ƙodar ta daina aiki, insulin ya koma daɗewa a jikinta, sai sugan ya riƙa faɗuwa fiye da kowane lokaci a baya. Ba ta ma jin zuwansa yanzu, babu rawar ciki, babu gumi, sai dai a ji ta tsaya a tsakiyar magana. An hana ta yawan ruwa, don haka a 'yar kurɓa ake narka mata sugan. Yakan yi kome daidai, ya gwada, ya ba ta, ya jira, ya sake gwadawa, ya rubuta ainihin abin da na'ura ta nuna. Sau ɗaya ta suma a tsakar ɗaki, ya kwantar da ita a gefe, bai sa mata kome a baki ba, ya tare mota. A asibiti aka yaba masa.

Da aka yi zancen dashen ƙoda, shi ya fara miƙa hannu. Aka ɗebi jininsa, aka yi hoto, aka sa shi ya dawo bayan kwana goma. Ya yi aski, ya sa rigarsa mai kyau ya je. Likitar ta ce jininsu ya dace, amma ya haura sittin, yana da hawan jini da bai san da shi ba, kuma nasa ƙodojin da ƙyar suke ɗaukar nauyinsa shi kaɗai. Ya ce a cire duk da haka, shi ya yarda, zai sa hannu a kowace takarda. Ta ce ba a yin haka. Jinin uwar kuma bai dace ba. Aka rubuta sunan Aku a jerin masu jira, aka ce kada su sa rai da wuri.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba, ya wuce shago. Akwai wasu dogayen katakai masu kyau da ya ajiye don ƙofar wani mai otal. Ya yanka su, ya fere su suka yi zagaye daidai tafin hannu, ya kwana biyu yana gogewa. Ya kafa su a jikin bango a tsayin ƙugunta, daga bakin gadonta zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofar shago, don ta daina lalube tana buga gwiwa. Da ya gama ya kamo hannunta ya ɗora a kai. Ta bi shi a hankali har ƙarshe, ta dawo, ta tsaya a kusurwar kicin ta ce akwai ɗan kaushi a nan. Ya ɗauko sanfefa ya durƙusa. Ta jingina da bango tana jin ƙarar gugar, sannan ta tambaye shi me likitar ta ce a kan gwajinsa.

Ya ci gaba da gugar na ɗan lokaci. Sannan ya ajiye sanfefar ya gaya mata.